Tsohon da Ya Zo Rakiyar Kaya

Ranar sadakar uku ta Kaka, mota ba ta iya bi ta titin gidanmu na unguwar Bracodi a Abidjan ba. An kafa rumfuna biyu, an jera kujerun roba har bakin shagon tela, duk da haka wasu a tsaye suka yi addu'a. 'Yan kasuwa sun taho daga kasuwar Roxy, direbobi sun ajiye manyan motocinsu a gareji sun zo a ƙafa, matan Jula masu goro sun cika tsakar gida suna yi masa addu'a da harshensu. Maƙwabciyarmu 'yar Bawule, wadda ta yi shekaru tana faɗa da shi a kan ruwan kwata, ta riƙe hannuna ta ce, "Yako, ma fille," wato sannu 'yata. Sai ta fashe da kuka, har ni na koma ina ba ta haƙuri.

Abin da ban zata ba shi ne dariya. Za a shafa fatiha a yi shiru, sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Kun tuna shekarar da aka yi masa lodi?" Shi ke nan rumfa ta ɗauka. Gwaggo, ƙanwar babana, ta leƙo daga zaure ta ce, "Jama'a, makoki fa ake yi." Ba ta gama rufe baki ba ita ma ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Wani tsohon direba ya hango ni ina raba ruwa, ya nuna ni da carbi ya ce, "Ga shugabar lodin nan ma."

Ni ce kuwa, ba zan yi musu ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta labarin da hannuna tun direbobi ba su gama ƙara masa gishiri ba. Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu koma, Kaka ya riga mu ne kawai.

Kaka mahaifin babana ne, ni kuma jikarsa ta fari. Tun ina goye yake kirana amarya, ni ina ce masa ango, muna tsokanar juna kamar yadda jika da kaka suka saba. Ya zo Abidjan yana saurayi daga wani gari a ƙasar Katsina, ya fara da tura amalanke a tashar jirgin ƙasa ta Treichville, yana kai huhunan goro bakin tarago. Daga nan masu goro suka lura cewa huhun da ya ɗaure ba ya kwancewa, kuma in ya ce kaya zai tashi Talata to Talata zai tashi. Suka haɗu suka tsaya masa ya sami tsohuwar mota guda, wadda a cewarsa sai an yi mata addu'a an tura ta kafin ta yarda ta yi tari. Goro ya hau arewa, albasa ta sauko kudu. Mota ɗaya ta zama biyu, aka sami fili a Adjamé aka yi gareji.

Da 'ya'yansa suka tasa, Baba ya tsaya a gareji wurin motoci da direbobi. Baffa, ƙanin Baba, wanda ya yi karatun Faransanci, ya matsa sai an buɗe buro, wato ofis, a Treichville kusa da por, tashar jiragen ruwa, domin a riƙa fito wa 'yan kasuwa da kontena ana kai musu har Kano. Sun yi wata guda ba sa cin abinci tare da Kaka a kan maganar nan. Kaka ya ce shi ba zai ɗauki kayan da bai gani da idonsa ba, akwatin ƙarfe a kulle, wa ya san abin da ke ciki? Baffa ya ce duniya ta canja. Wata safiya sai ga Kaka ya tsallaka gada ya je ya kama hayar ɗakin da kansa, ya dawo ya jefa wa Baffa makulli a cinya ya ce, "Ka sa fanka, akwai zafi." Ba a sake tayar da zancen ba. A wannan buron na sami kaina bayan na gama makaranta, ina fama da takardun duwan, wato kwastan.

Dokokin gidanmu biyu ne, kuma tare da nono muka sha su. Ta farko, kaya ba ya kwana: in an kawo shi kuma akwai mota, a ranar zai tashi. Ta biyu, magana ɗaya ce. Akwai kuma wani ɗan wuri a bayan kan kowace mota da Kaka ya hana a sayar wa kowa. Na saƙon talakawa ne, mai gadi da zai aika wa uwarsa turmin atamfa, mai shayi da zai aika maganin ciwon ƙafa. Har yau wurin yana nan, kuma ranar makokin na ga fuskoki da yawa da ban san su ba sai ta dalilinsa.

Amma akwai magana guda da mai magana ɗayan nan ya yi ta maimaitawa ba ya cikawa. Duk shekara in an ci naman Babbar Sallah, sai ya miƙe ƙafa ya ce, "To, bana kam zan koma gida." Ya gina gida a garinsu, yana aika kwano da siminti da motocinsa, ƙaninsa yana lura da aikin. Mu da aka haifa a Abidjan mun ɗauki zancen kamar kiran mai tallan burodi da safe, ana ji ana ci gaba da abin da ake yi.

Sai Allah ya karɓi ran Iya, matarsa, kakata. 'Yar Treichville ce, a can aka haife ta, a maƙabartar Williamsville kuma aka sa ta. Kaka ya yi wata uku ba ya tsokanar kowa. Wata Juma'a da safe ya tara mu a zaure, ni da Baba da Baffa da Gwaggo. Ya ciro makullan gareji ya ba Baba, ya ciro hatimin kamfani ya ba Baffa, ya ce, "Na gama. Zan koma gida." Ya saɓa babbar riga ya fita, domin a Treichville yake Juma'a, kuma ba ya dawowa sai ya zaga dangin Iya ya yi la'asar a can.

Muka zauna muna kallon makullan. Bai taɓa ba da su ba, ko da ya je aikin hajji a aljihu ya tafi da su. Wannan karon da gaske yake, haka duk muka yanke. Sai Baba ya yi tagumi ya ce, kamar mai magana da kansa, "Akwai motar da za ta tashi Katsina da azahar. Rabinta wofi ne." Baffa ya dubi Baba, Baba ya dube ni. Wanda ba ɗan gidan lodi ba ne ba zai gane yadda mota rabi wofi take sosa mana rai ba. Gwaggo ce kaɗai ta ce, "Ba ku bari ya dawo ba?" Na ce mata, da bakin nan nawa, "Gwaggo, ai daɗi zai ji. Kaya ba ya kwana."

A cikin awa biyu muka kwashe ɗakin. Gado, katifa, akwatuna, rediyo, kujerarsa mai hannu, agogon bango, har ƙusar da aka rataye agogon. Ni na tsaya a kai, na naɗe madubi da bargo, na rubuta wa kowane ƙunshi lamba. Ban taɓa yin lodi mai kyau irin wannan ba, kuma ina ta jin daɗin kaina. Darduma da buta kawai muka bar masa.

Bayan la'asar ya dawo. Ya tura ƙofa ya tsaya. Muna bayansa mun yi sahu muna jiran yabo.

"Amarya, ina gadona?"

"Yana hanyar Yamoussoukro, ango."

Ya daɗe yana kallon bango, wurin da agogo ya bar farin zagaye. Sannan ya ce, "Wa ya ɗaure?"

"Ni na tsaya a kai."

"Tamfol nawa? Damina ce fa."

"Biyu."

"To madalla. Aiki ya yi kyau."

Ya faɗa ba tare da ya juyo ya dube mu ba. Na gane abin da muka yi. Na bi shi ciki na durƙusa na ce, "Kaka, waya ɗaya zan buga, shofer ya juyo da motar." Ya harare ni ya ce, "Motar gidan nan ta taɓa juyowa da kayan mutane a kanta?" Ga shi kuma kafin magariba duk Adjamé ta ji cewa Alhaji zai koma gida, mutane sun fara zuwa sallama, wasu har da tsaraba. Mutumin da aka san shi da magana ɗaya ba shi da ƙofar fita. Ya kwana bakwai a kan darduma, ya ƙi katifar kowa, rana ta takwas ya hau gaban mota ya tafi.

Kullum yana kira. Ba ya ƙorafi, tambaya kawai yake yi. Motar Bouaké ta iso? An canja tayar baya? An yi ruwa a Adjamé? Mai sayar da garba, abincin rogo da kifi, na bakin gareji yana nan, har yanzu yana rowar kifi? Daga bakin ƙaninsa muka ji sauran. A garin da aka haife shi, Alhaji na Abijan ake kiransa. Sa'o'insa duk sun rasu. In ya je shago ya ce a sa masa a sashe maimakon leda, sai a tsaya ana kallonsa, in ya ce dakor maimakon to sai a ƙunshe dariya. Ana girmama shi ƙwarai, ba a barinsa ya ɗaga ko tsinke, shi kuwa mutum ne da in bai ja igiya ya ji ƙarfinta ba abinci ba ya shiga masa. Ƙaninsa ya ce, "Yana zama a ƙofar gida, in babbar mota ta wuce sai ya bi ta da ido har ta ɓace. Ya rame."

Baba ya kira shi ya ce zai zo ya ɗauko shi. Kaka ya ce, "Na ce na koma, na koma," ya kashe waya. Na shiga damuwa sosai, domin na san in tsohon nan ya mutu a can da baƙin ciki, ni ce na ɗaure shi da tamfol biyu na aika.

Ni da Baffa muka ƙulla dabarar a buro. Akwai lodin busasshen barkono da za a ɗauko daga wajen garinsu, direban kuma sabo ne. Na kira shi na marairaice.

"Ango, muna cikin matsala. Shofer ɗin bai san hanya ba, bai san mutanen boda ba, mai kayan kuma ya ce sai da ɗan rakiya mai amana."

"Babanki fa?"

"Gareji ya riƙe shi."

"Baffanki?"

"Kontena huɗu a por, ba ya ko iya numfashi."

Sai ya ce, "Duk gidan nan babu kowa?"

"Babu kowa."

"To. Don kayan mutane ne."

Kwana shida bayan haka motar ta shigo gareji, Kaka a gaba ya dafa taga, yana ta atishawar barkono, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa keke. Tun bai sauko ba ya fara faɗa a kan yadda aka jera tayoyi. Da aka yaye tamfol, sai ga gado, ga katifa, ga akwatuna da lambobin da na rubuta, ga kujera mai hannu a ɗaure a saman buhuna. Kaka ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Na ga akwai sauran wuri ne. Mota rabi wofi abin kunya ce." Baba ya juya baya ya shige bayan wata mota, ina jin shi yana tari.

Daga ranar Kaka bai taɓa yarda cewa ya dawo ba. Rakiyar kaya ya zo, in an gama zai koma. Adjamé kuwa ta karɓi wasan hannu biyu. In ya fito masallaci sai wani ya ce, "Alhaji baƙo, yaushe ne komawa?" Shi kuma ya ce, "Sai an gama saukewa." Maƙwabciyar nan tamu in faɗan kwata ya tashi sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Le vieux, tsoho, kai baƙo ne, ina ruwanka da kwatar mutane?" Sai ya shiga gida yana ƙunƙuni. Ya koma kan gadonsa, amma tufafinsa ba su sake shiga kabad ba. Daga akwati yake ɗauka, a akwati yake mayarwa, shekara goma sha ɗaya.

Makullan ma bai karɓa ba. Baba ya kai masa, ya ce baƙo ba ya riƙe makulli. Yanzu da nake tunani, wannan kuskuren namu shi ya sa gadon kamfanin ya wuce hannun 'ya'yansa lafiya yana raye yana kallo. Ya sami benci a bakin gareji ya zama mai duba ƙulli. Ba motar da za ta fita sai ya ja igiyarta. Da Baffa ya sa wa motoci na'urar da ke nuna inda suke a waya, Kaka ya ce shirme ne, direban kirki shi ke kira ya faɗi inda yake. Bayan mako biyu na same shi ya sa tabarau ya tasa wayar a gaba, yana bin ɗigon da yatsa. Ya ce, "Amarya, wannan ya yi minti arba'in a Katiola. Na san gidan abincin. Bar shi ya ci, amma ki kira ki ce ina gaishe shi."

Bana jiki ya ƙi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, likita ya ce a kai shi gida a kula da shi. Ƙaninsa ya kira daga Katsina yana kuka, ya ce a kawo masa yayansa tun yana iya tafiya, in ta Allah ta kasance ya kwanta kusa da iyayensu. Magana ce mai nauyi, kuma ta yi daidai da abin da Kaka yake faɗa tun kafin a haife ni. Kafin azahar Baffa ya gano jirgin da za a bi, Baba ya fara lissafa wanda zai raka shi. Na ga abin yana tafiya da saurin da na sani. Na ce, "Baba, Baffa, ku yi haƙuri. Mun taɓa yi wa tsohon nan lodi ba mu tambaye shi ba." Suka dubi juna, Baffa ya ajiye waya.

Washegari da hantsi na shiga na zauna a bakin gadonsa na faɗa masa saƙon ƙaninsa. Ya saurara har na gama. Ya ce in fito da mota, yana son shan iska. Aka kama shi aka sa a gaba. Muka ratsa cunkoson Roxy, masu gbaka, ƙananan motocin haya, suna ta zagin juna, yana murmushi. Muka tsallaka gada zuwa Treichville, ya nuna mini inda ya saba jingine amalankensa, yanzu wani mai gyaran waya ne a wurin. Sannan ya ce mu juya, mu bi ta Williamsville.

Na tsaya a bakin ƙofar maƙabarta. Ba zai iya sauka ba, ni ma ban sauka ba. Ya yi addu'a a zaune, ya shafa, ya daɗe yana kallon ciki.

"Amarya, kin san me ya sa nake cewa zan koma gida duk shekara?"

"Kewar gida ce, ango."

"Da farko. Daga baya kuwa don kakarki nake faɗa. In kowa ya watse sai ta shigo ta ce, ba inda za ka, zauna ka ci abinci. Shekara arba'in da wani abu ina faɗa tana hanawa. Da ta tafi, sai na faɗa in ji ko akwai wanda ya gaje ta." Ya yi 'yar dariya wadda ta zama tari. "Ashe 'yan lodi na haifa."

Hawaye suka hana ni ganin sitiyari. Kunya da tausayi suka rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Shekara goma sha ɗaya muna dariyar labarin, babu wanda ya taɓa tunanin abin da ya so ji. Na kama hannunsa na ce, "Kaka, ba inda za ka."

Ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kin makara ƙwarai, amma na karɓa. Ki kira ƙanina ki ba shi haƙuri. Ki ce amaryata ta hana ni."

Kwana tara ya ƙara a duniya. A cikinsu kowa ya shiga ya faɗa masa ba inda za shi, Baba, Baffa, Gwaggo, har maƙwabciya da ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa da Faransanci. Yana jin kowa, yana yi musu tsiyar cewa sai da aka koya musu. An sa shi a Williamsville, ba nisa da Iya. Allah ya gafarta masa, ya yalwata makwancinsa, ya sada su a gidan da babu mai sake cewa zai tashi. Mu kuma da ya bari, Allah ya ba mu hankalin tambaya kafin mu ɗaure.